Bulon da Ya Ƙi Fashewa

Injiniya Bushira ta saki ƙarfen gwaji daga kan tsani. Ya faɗa kan bulon Mumuni, bulo ya zama gari.

Chindo, abokin hamayyarsa wajen buga bulo a Malbaza, ya sheƙe da dariya. "Siminti ka sa ko fura?"

Aka ɗora na Chindo. Ƙarfe ya faɗo, ko tsaga babu.

"Mumuni, aikin naka ne," in ji Bushira.

Chindo ya zabura. "Madam, nawa bai fashe ba!"

"Shi ya sa. Bangon bayan ɗakin ajiye nakiya za a gina da shi. In ta tashi, ta nan muke so ta fita, ba ta wajen ma'aikata ba."

Mumuni ya gyara hula. "Fura ce, Chindo."