Gayya a Gonar Mai Kurkunu

Gwaggona Ta-Rana, ƙanwar babana, ita ta fara ba ni wannan misali, ranar da na je mata da kuka. Matan unguwa ne suka ɗora ni a kan tsara layin famfo, sai wata ta tsaya a gaban kowa ta ce dangin mijina nake fifitawa. Kai ma da aka ba ka makaranta ka riƙe, har ka fara kumbure-kumbure don iyayen yara sun yi maka zato, zauna ka ji.

Ta ce an yi wani manomi da kurkunu ya kama a ƙafa daidai faɗuwar damina. Da ƙyar ya yi shuka, da lokacin noma ya zo kuwa ko zaure ba ya kaiwa sai da jan jiki. A garinsu al'ada ce, gonar da ciyawa ta cinye har damina ta wuce, sai ta koma hannun mai unguwa ya ba wanda ya ga dama. Tsohon mai unguwa da haka ya tara gonaki, gonar wan manomin nan ma ta nan ta bi. To ga sabo an naɗa, mutum mai yawan gaisuwa. Ya zo duba shi, ya ƙi buzu ya zauna a ƙasa, ya tambayi ƙafa, sannan ya tambayi gona. Tambayar gonar nan ita ta tsaya wa majinyacin a wuya. Ya ce a ransa, yaushe kura ta fara zuwa gaida akuya don Allah? Ba a jima ba matarsa ta dawo daga itace ta ce ta hango mai unguwa yana bin gambar iyakarsu yana dube-dube. Shi ke nan, mutumin ya ce awo ake yi. Tuwo ya daina wuce masa.

Ranar gayya, wadda tun kaka da kakanni a gandun mai unguwa ake fara ta, sai ya jiyo gangar noma ta nufi gonarsa. Ya sa aka ɗora shi a jaki. Ya tarar samari sun jeru, mai unguwa a tsakiyarsu ya tuɓe babbar riga yana riƙe da fartanya. A gaban kowa manomin ya ɗaga murya: "Ban mutu ba tukuna. Na gabanka jira yake ciyawa ta ci, kai ko jiran ma ba za ka iya ba?" Ganga ta tsaya. Wasu samarin suka saɓa fartanya za su tafi. Mai unguwa ya share gumi ya ce, "Baba, ga inuwa can gindin kanya. Zauna ka sa mana ido, kada mu taɓa maka iyaka." Ya sunkuya ya ci gaba da noma. Ganin babba a duƙe ya dawo da samarin ɗaya bayan ɗaya.

Ko da haka zuciyar mutumin ba ta kwanta ba. Furar da mai gona ya kamata ya kawo wa 'yan gayya daga gidan mai unguwa ta fito, ya ƙi sha, wai da ita za a kafa masa hujja. Aka dawo aka yi maimai, ya ce a kaka za a zo karɓa. Kaka ta yi, ƙafa ta warke, ya ɗaure gero ya cika rumbu, kowace sallama gabansa ya faɗi. Ba wanda ya zo. Sai ran nan hanya ta bi da shi ta gandun mai unguwa, ya ga kara sirara kamar tsinken tsintsiya, zangarniya ba ta fi yatsa ba, don gayya ba ta kai can ba sai da ruwa ya kusa ɗaukewa. Ya koma gida ya ɗauko dami ya dire a zauren mai unguwa. Mai unguwa ya dubi damin, ya ce akwai wata tsohuwa a bayan masallaci da ba ta da mai yi mata noma, su kai mata. Shi ya ɗauka a ka, manomin yana biye.

Na tambayi Gwaggo ko mai unguwan ya taɓa tuna masa zagin nan. Ta harare ni, ta ce ashe ban ji komai ba. Wanda aka taɓa ƙwace wa, ai dole ya yi zato, kuma a kan wa zai sauke shi in ba a kan wanda ke gaba ba?

Da gari ya waye na ɗauki tuluna na tafi famfo, na tsaya a ƙarshen layi, bayan matar nan da ta zage ni. Da nata ya cika na kama mata ta ɗora a ka. Ba ta gode ba, ni ma ban tsaya jira ba. Babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba.