Uwar Tilo a Gaban Mai Taurari

Uwar Tilo ta hau benen mai taurari tana haki, amma bakinta bai huta ba. Yayarta na biye da ita riƙe da jaka, Tilo kuwa yana can baya yana jan ƙafa kamar wanda za a cire wa haƙori.

Maganar guda ce. Tilo, ɗanta ɗaya tal a duniya, ya ga wata yarinya mai aiki a kantin magani ya ce ita zai aura, har yana zancen kama haya su zauna su biyu. Haya! Ga gidan ubansa da ɗakuna a rufe. Uwar Tilo ta bincika yarinyar ciki da bai, ba ta samu abin kushewa ba, kuma wannan ne ya fi komai ba ta haushi. Sai ta ce ba komai, abin da ƙasa ta ɓoye sama za ta tona.

Tun makon jiya mai taurari ya aiko a kai masa rana da lokaci da garin haihuwar waɗanda zancen ya shafa. Uwar Tilo ta bar wa Yaya wannan wahalar, tunda ita ce rumbun tarihin zuri'a, har wanda aka haifa ana ruwan sama ta sani.

Ɗakin ƙarami ne, littattafai har saman taga, fanka na juyawa da ƙyar. Mai taurari tsoho ne mai sanyin magana. Ya gyara tabarau, ya jawo takardar da ke sama. An zana da'ira a jikinta, an yanka ta gida goma sha biyu kamar yankan lemo, kowane gida da 'yan alamominsa.

"To, a ƙa'idar aikinmu mukan fara da..."

"Malam, bar ƙa'ida. Fara da inda ya fi muni."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi Yaya, sannan ya ɗora bakin alƙalami a gefen gabas na da'irar. Ya ce rukunin taurarin da ake kira burjin Kunama ne ke ɓullowa a lokacin da aka haife ta, kuma Mirrihi, jan tauraron nan mai faɗa, yana zaune daram a gidan magana. Mai irin wannan zane ba ta barin kowa ya kai ƙarshen zancensa.

Uwar Tilo ta tafa hannu. Abin nema ya samu! Dama ta faɗa, wannan sunkuyar da kai da yarinyar ke yi duk lamɓo ne.

Alƙalami ya matsa gidan aure. Ya ce miji ɗaya ne, mutum mai haƙuri, wanda da tafiya ta yi nisa yakan koyi amsa komai da "to". Tausayin ɗanta ya kama Uwar Tilo har idonta ya kawo ruwa, don ta san haƙurin nan gado ne, wajen ubansa ya ɗauko.

A gidan 'ya'ya kuwa, ya ce namiji ne guda, kuma Wata ya matse gidan ƙam. So ne na gaskiya, ba ƙarya a ciki, amma irin son da ke hana yaro numfashi. Komai girmansa, ita za ta zaɓa masa rigar da zai sa.

"Jika ɗaya, shi ma a kurkuku! Yaya, kina ji ko?"

Yaya ta ce tana ji sarai, ta shiga neman wani abu a cikin jaka wanda har aka tashi ba ta samu ba. Tilo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Uwar ta ga haka ta ce a ranta gara ya yi kukan yau da ya yi na shekara da shekaru.

Ta tambaya ko akwai gyara. Tsohon ya yi lissafi da yatsu, ya ce Zuhal, tauraron da ke ladabtar da mutane, ya zagayo ya dawo mazauninsa har karo na biyu bai ci nasara ba. Hali zanen dutse ne. Amma ya ƙara da cewa zuciyarta fara ce, hannunta a sake yake, duk wanda ya shiga gidanta ba ya fita da yunwa. Wannan ɓangaren Uwar Tilo ba ta saurara ba, tana ta gyara mayafi.

Ta miƙe tsaye, daɗi ya cika ta fal, ta ɗaga yatsa sama.

"Ku zama shaida, kai Malam da ke Yaya. Na rantse, muddin ina numfashi, mai wannan zanen ba za ta zauna gida ɗaya da ɗana ba!"

Tilo ya ɗago, idanunsa sun yi ja, yana share hawaye da bayan hannu.

"Inna, kin fa rantse."

"Na rantse, kuma kowa ya san ba na lashe amaina."

Mai taurari ya yi gyaran murya, ya ture takardar gefe a hankali, ya jawo ta ƙarƙashinta ya shafe ta da tafin hannu.

"To, madalla. Kamar yadda na so in faɗa tun farko, mukan fara da zanen mai tambaya. Naki ke nan mun gama, Uwar Tilo, yanzu bari mu duba na yarinyar."