Sitiyarin Motar Baba

Wata Asabar a Barnawa, Baba ya zaunar da ni a kujerar direban tsohuwar motarsa. Ya riga ya canza shokozoba, sannan birki, saura sitiyari. Mama ta ce in bai gyaru ba, 'yan gwangwan za a sayar wa, ba za ta sa 'ya'yanta ciki ba.

Baba ya kwanta a ƙarƙashin motar. "Juya dama, 'yata. Yanzu hagu."

Sitiyarin yana juyawa, tayoyin ko motsi.

"Sake juyawa."

Na juya har kafaɗuna suka gaji. Ya fito yana goge baƙin mai. "Je ki ce wa mamanki ta kira su."

Har yau hannuwana suna tuna rashin nauyin sitiyarin nan.