Idon da Ke Makancewa da Azahar

Da an sallame sallar azahar sai Ido ya makance.

Ido shi ne sunan da leburorin siton ƙungiyar manoman masara ta Dayi suka laƙaba wa kyamarar, wata 'yar aba kamar ƙwallon goriba da aka kafe a saman ƙofa. Igiyarta ta bi ta wani huji a bango ta shige ofis, inda kwamfuta take. Duk buhun da ya fita Ido ya gani, kwamfuta ta ƙirga, babu sauran gardama. Amma tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da motocin Funtuwa ke lodi, sai hoto ya ɗauke, ƙidaya ta tsaya cak.

Kudirat ce ta haɗa wannan aiki, 'yar marigayi Raufu mai kayan gyaran keke. Malam Ɗanjuma, shugaban ƙungiya, shi ya kawo ta. Shi da ubanta sun sha hawa bayan akori-kura tare tun zamanin da auduga ke da daraja, kuma da Raufu ya ji jiki ya ƙi daɗi, hannun Ɗanjuma ya kama ya ce ya riƙe masa yarinyar nan.

To, ga shi aikin yarinyar ya zama abin dariya. Alhaji Buba, wanda dama tun farko bai so ba, ya samu na yi. A gaban jama'a ya ce sun ɗauko baƙuwa ta kawo musu makahon mai gadi, gara a sallame ta da tarkacenta.

"Baƙuwa?" in ji Ɗanjuma. "A Malumfashi aka binne cibiyarta, Alhaji. Ba inda za ta."

Kudirat ta canja igiya, ta canja kyamarar ɗungurungum. Da safe ta zauna ta tsura wa hoton ido, buhuna na wucewa ras, sai ta tafi makarantar da take koyarwa da rana. Kafin ta dawo Ido ya sake makancewa. Ta ce wa Ɗanjuma, "Baba, lafiyar kyamara ƙalau. Kwamfuta ce ke neman ta ta rasa, kamar wani ne ke raba su."

Abin da Ɗanjuma yake son ji ke nan. Ashe da ɗan gari ake son a ci gari! Ya ƙwace makullin ofis daga hannun Mati, shugaban leburori, ya zura a aljihu. Dama can a ofishin yake ƙailula, don nan kaɗai ke da fanka. Nan ne kuma kaɗai ke da wutar sola, wadda shi da kansa ya sa aka rufe soket ɗinta cikin akwatin ƙarfe, saboda leburori sun ishe shi da cajin waya. Yanzu sai ƙailula ta koma gadi.

Kullum ya dawo masallaci sai ya kulle kansa ciki, ya jingine gorar da yake dogarawa, ya kintsa 'yan kayansa a kan tebur, hula nan, tabarau nan, ga tsohuwar wayarsa da ba ta kai azahar da rai. Sannan ya zauna ya sa ƙofa gaba. Ko ƙuda bai shiga ba. Da an kira la'asar ya mayar da komai yadda ya same shi, don shi mutum ne mai tsari, ya fito yana amsa kiran 'yan kasuwa har magariba. Duk da haka Ido bai fasa makancewa ba.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Har cewa aka fara yi aljanu ne. Ya ce aljanin da ke sanin lokacin lodi, to da hula yake yawo. Ya zargi Mati, ya zargi direbobi, Alhaji Buba kuwa ko gaisuwarsa ya daina amsawa.

Da 'yan ƙungiya suka matsa a yi taro a kori Kudirat, sai Ɗanjuma ya miƙe ya rantse. Ya ce a ba ta mako guda. In ba a kama kowa ba, ta tafi. In kuwa aka kama, ko ɗan cikinsa ne sai ya bar siton nan da ƙungiyar har abada. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ita kuwa Kudirat sai ta koma kan kwamfutar. Kwamfutar tana da nata ɗan ƙaramin ido a goshi, wanda ba wanda ya taɓa kula da shi. Sai ta umarce ta, duk sa'ad da ta nemi Ido ta rasa, ta buɗe wannan ta ɗauki wanda ke gabanta.

Ranar taro ofis ya cika har waje. Kudirat ta buɗe kwamfuta ta leƙa ita kaɗai, sai aka ga ta rufe a hankali.

"Baba, bari in nuna maka kai kaɗai."

"A gaban kowa!" Ya buga gora a ƙasa, yana hararar Alhaji Buba. "Wanda bai ji kunyar yi ba, ba za mu ji kunyar nuna shi ba. Juyo da ita!"

Ta juyo da ita.

Ga Malam Ɗanjuma nan ya cika hoton, tabarau a kan hanci, ya zare igiyar Ido daga jikin kwamfuta, yana ta kici-kicin cusa ta cajin wayarsa a gurbinta.