Gurbin Salim

"Daga yau kai ne mai jifan ƙwallo," Koci Shehu ya faɗa wa ɗansa Salim a filinsu na ƙwallon Amurka da ke Mando. "Mudassir ya koma gurbinka, cikin masu tare maka abokan gaba."

"Baba, ni tarewa na iya."

"Wa ke kallon mai tarewa? Baturen da zai zo gwajin ɗibar 'yan wasa hannun jifa zai duba."

Mudassir, wanda duk ƙungiyar ba mai jifa kamarsa, ya shiga layin masu tarewa, zuciyarsa na tafasa.

Ranar gwaji Salim ya yi jifa, ba yabo ba fallasa. Mudassir kuwa duk wanda ya tunkaro shi sai ya sha ƙasa, don tsabar haushi.

Da aka tashi, Baturen ya ja Koci gefe. "Masu jifa sun yi mana yawa a Amurka. Mai tarewa ɗaya muka zo ɗauka. Wani Salim aka yaba mana, ashe mai jifa ne. Da Mudassir za mu tafi."

Salim na tsaye bayansu. Ya ajiye ƙwallon a gaban mahaifinsa.

"Baba," ya ce, "wa ke kallon mai tarewa?"