Kawun Masu Dashe

Adda ɗaya suka zo da ita, su goma sha wani abu, amma kowa da wayarsa a hannu.

Ɗaliban jami'a ne, sanye da korayen riguna iri ɗaya, an rubuta "Mu Ceto Rafinmu" a baya. Wata baƙuwar ƙaya ta daɗe da cinye gaɓar rafin, ta kashe ɓaure da ciyawar da aka sani a wurin, tsuntsaye suka yi ƙaura. Nufinsu su tumɓuke ƙayar, su mayar da itatuwan asali.

Mutum ɗaya ce a cikinsu ta ɗauki abin da zafi, wadda suke kira Shugaba. Tun bara take renon dashen ɓaure a gwangwanayen madara a barandar mahaifiyarta, har uwar ta rasa inda za ta shanya wanki. Yanzu saiwoyi sun fara fasa gwangwani, damina kuma ta fara haɗa kayanta. In ba a dasa su kafin ruwa ya ɗauke ba, wahalarta ta tafi a banza.

Ranar farko abin da suka sare bai kai faɗin tabarma ba. Hotuna kuwa sun isa a yi baje koli. Wani dogo da ya naɗa kansa Sakatare ya soke yatsa, aka rufu a kansa da auduga kamar an harbe shi.

Ana cikin haka wani dattijo ya tsaya da mota. Ya daɗe yana kallonsu, hannu a baya.

"Sannunku da aiki, 'ya'yana. Wa ya sa ku?"

"Ba wanda ya sa mu, Kawu," in ji Shugaba. "Aikin sa kai ne."

"Wato kyauta?"

"Kyauta."

"Kai, Allah ya yi muku albarka."

Asabar ta gaba ya dawo da sababbin adduna, da diga, da safar hannu, da ruwan sanyi cike da but ɗin motarsa. Abu ɗaya ya ƙi, hoto. "Tsoho da ni, me zan yi da hoto?" Suka rubuta a shafinsu na intanet cewa ba su taɓa ganin tawali'u irin wannan ba.

Da sara ya yi nisa suka fara cin karo da ƙananan turaku masu jan fenti, a jere cikin ƙayar. Shugaba ta taɓa karantawa cewa masu farfaɗo da daji da turke suke nuna inda za a dasa itace. Nan take ta yanke hukunci: wata ƙungiya ce ta fara aikin, ragwanci ya kore ta. Ta yi musu dogon jawabi a kan juriya.

"Ku bi turakun kawai," in ji Kawu, "daga wannan zuwa wancan. Kada ku bar kututture ko ɗaya. Ƙaya ba ta da amana."

Suka tone kututture, suka kwashe duwatsu, suka cike ramuka, suka baje ƙasa. Hannuwan da ba su san komai ba sai gilashin waya suka yi kanta.

"Shugaba," in ji Sakatare yana haki, "daji muka zo gyarawa ko filin ƙwallo?"

"Kai da ko shafi ɗaya ba ka karanta ba? Ɗauki digarka, malam."

Ranar dashe ta kawo gwangwanayenta a amalanke, ta sa ɓaure ɗaya a gindin kowane turke. Ta miƙa wa Kawu wanda ya fi kyau. Ya ce, "Masha Allah," idonsa na can yana auna gangaren.

Litinin da safe ta zo ita kaɗai da jarkar ban ruwa. Ta hango motar Kawu, da wata babbar mota a bayanta. Zuciyarta ta yi fari: taki ya kawo musu, bawan Allah, bai ma faɗa ba. Ta ajiye jarkar ta nufe shi da gudu.

Wani mutum mai hular kwano ya riga ta isa. Ya rusuna gaban Kawu, ya dubi filin fes daga titi har bakin ruwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, masu sharar nan naka sun iya aiki. A ina za a sauke bulon?"