Ɓarawon Kanwar Alhaji Mu'azu

Akwai ɓarawo a gidan nan, kuma ba katanga yake haurowa ba! Haka Alhaji Mu'azu, dillalin shanu a unguwar Oko-Oba ta Legas, ya faɗa yana jujjuya curin jar kanwar da aka kawo masa daga Arewa saboda bijimin da yake kiwo a bayan gida. Kullum sai ya tarar an ɓantari gefe. Sa dai lasa yake yi, ba ya bin abu da bakin wuƙa.

A gidansa kuwa kanwa ba ta shiga tukunya. Tun ranar da ya auro Hansai ya kafa dokar, wai tana kashe ƙarfin namiji. Ga shaida ma: shekara saba'in, amma ganda da naman tsohon sa yake taunawa kamar dafaffen dankali, yana yi wa sa'anninsa masu shan romo dariya.

Don haka zargi ya faɗa kan 'yan haya, musamman Mubina ta ɗakin ƙofa, wadda miyar kuɓewarta ke yauƙi har ƙasa. Ya tsaya tsakar gida ya rantse: duk wanda ya kama, ranar zai kwashe komatsansa, motar haya ta danfo ma shi zai kira masa.

Hansai tana tsintar wake ta ce, "Haba Alhaji, rantsuwa kan ɗan dutse?"

"Ke dai ji da girkinki!"

Ya kulle kanwar a akwati, makulli a aljihu. Sata ta tsaya cak.

Sai kuma naman Legas ya lalace gaba ɗaya. Na Litinin tauri kamar tayar babur ɗin okada. Talata ya taka har mayanka ya wanke mahaucinsa Ashiru tas, bawan Allah yana ta rantsuwa irin wanda ya saba aikowa ne. Laraba, a gaban baƙi, Alhaji ya finciki tsoka ɗaya, haƙori ya biyo ta.

Yana dafe da kunci Hansai ta leƙo, ta miƙa hannu.

"Alhaji, ba ni makullin in ɓantaro, kafin sauran su zube. Shekara arba'in da ita kake tauna. In kuma danfon za ka kira, kayana ba su da yawa."

Kai ma mai taƙama da haƙora, leƙa tukunyar gidanka tukuna, sannan ka zo ka ce ƙarya nake.